FILIN KIMIYYA DA SANA'A: Faifan Kwamfuta Ba Ya Sallama In Zai Mutu

Duk wanda ya bi hanyar Rukuba daga Gada Biyu ya ratsa ta Kabong, a cikin birnin Jos, zai ga ƙananan shaguna a bakin titi waɗanda sana'arsu ita ce buga wa mutane takardu, da ɗaukar hoto, da cika wa ɗalibai takardun jarrabawa ta intanet. A irin waɗannan shaguna akan sami na'ura mai ƙwaƙwalwa, watau kwamfuta, irin ta kan tebur, an girke ta a lungu, ƙura ta rufe mata baya, ga kuma janareta a bakin ƙofa yana jiran a ɗauke wuta. Mai shago ya san kuɗin tawada, ya san na takarda da na man fetur har kwabo. Amma in aka tambaye shi shekarun faifan da ke cikin akwatin nan, wanda aikinsa na shekara da shekaru ke kwance a kai, galibi sai ya yi shiru, ko kuwa ya ce ai bai taɓa ba shi wahala ba.

To, wannan amsa ita ce abin tsoro. Domin abin da ke kan faifan ba na mai shago ne shi kaɗai ba. Akwai kundin binciken ɗalibin jami'a wanda saura mako biyu ya tsaya gaban malamansa ya kare shi. Akwai sakamakon jarrabawar wata makarantar unguwa, da lissafin bashin wani mai kantin magani, da hotunan bikin da aka yi aka watse tun watanni uku da suka wuce, amarya ba ta zo ta karɓa ba tukuna. Injin da ya ƙone ana sayen wani in akwai kuɗi. Amma ba a sake tara dangi daga Bauchi da Lafiya da Kano don a sake ɗaukar hoton ɗaurin aure.

Ya kamata a fara da sanin shi kansa faifan, wanda masu gyara ke kira had-dis. Wanda ya san faifan garmaho ya kama hanyar ganewa. A cikin wani ɗan akwatin ƙarfe, wanda bai fi tafin hannu da kaɗan ba, akwai faranti ɗaya ko fiye da aka shafe da maganaɗisu, suna juyawa sau 5,400 ko sau 7,200 a minti guda. Wannan na biyun yana nufin juyi 120 ke nan a cikin daƙiƙa ɗaya. Akwai kuma wani hannu mai ɗauke da allura wadda ke rubutu da karatu a kan farantin. Bambancinsa da garmaho shi ne, allurar ba ta taɓa farantin ko kaɗan. Iskar da juyin ke tayarwa ita ke ɗauke da ita, kuma tazarar da ke tsakaninsu ta fi gashin kai siranta sau dubbai. Ranar da allura ta sauka ta karci faranti yana cikin gudu, abin da ke wurin ya tafi. Saboda haka yaron shago da ke jan akwatin kwamfuta da ƙafa don ya yi shara, alhali tana kunne, bai san irin cacar da yake yi ba.

Kamfanin IBM na Amurka ne ya fara fito da irin wannan faifai a shekarar 1956. Na farkon nan faranti 50 gare shi, kowanne faɗinsa inci 24, kuma duk girman nan abin da yake ɗauka bai wuce haruffa miliyan 5 ba, watau da ƙyar ya ɗauki hoto biyu na wayar hannu ta yanzu. Yau faifan terabait ɗaya ya ninka shi fiye da sau dubu ɗari biyu. Ci gaban da aka samu ba ƙarami ba ne, amma yana tafe da wani haɗari da ba a cika lura da shi ba: yawan abin da faifai ke ɗauka, shi ne yawan abin da za a yi hasara a rana ɗaya. Kamfanoni uku ne kawai suka rage a duniya suna ƙera shi, Seagate da Western Digital da Toshiba, kuma babu ko ɗaya cikinsu da ya taɓa yi wa mai saye alkawarin cewa faifansa ba zai mutu ba. Takardar garanti musanya ƙarfe take yi, ba ta mayar da aiki.

Akan ji gardama a wurin masu gyara a kan wane kamfani ne faifansa ya fi ƙarko, kowa da gwaninsa. Waɗanda suka fi kowa bakin magana a nan su ne masu dubban faifai a ƙarƙashin rufi ɗaya. A shekarar 2007 injiniyoyin kamfanin Google suka wallafa sakamakon binciken da suka yi a kan faifai fiye da 100,000 da ke aiki a cibiyoyinsu. Sun tarar kusan kashi 2 cikin 100 na mutuwa a shekarar farko, amma a cikin waɗanda suka kai shekara uku, adadin ya haura kashi 8 cikin 100. Wani kamfanin ajiya mai suna Backblaze kuma, tun shekarar 2013 yake buga rahoton faifansa a fili, kuma a 'yan shekarun nan abin da ke mutu masa a shekara yana tsakanin kashi 1 da kashi 2 cikin 100. Mai karatu zai ce ai wannan kaɗan ne. To, sai ya tuna abu biyu. Na farko, kashi 2 cikin 100 yana nufin a cikin shaguna hamsin, ɗaya zai yi kuka kowace shekara. Na biyu, waɗancan faifai suna zaune ne a ɗakuna masu sanyi, marasa ƙura, inda wuta ba ta ƙiftawa. Ba su san janareta mai tari ba, ba su san hunturun Jos ba.

Akwai abin da ya fi wannan muhimmanci a cikin binciken na Google. Kowane faifai na zamani yana da wata dabara ta duba lafiyar kansa, ana ce da ita SMART, wadda ke ƙidaya awoyin da ya yi yana aiki da wuraren da suka lalace a kan faranti. Ana iya karanta wannan rahoto da ƙaramar manhaja ta kyauta irin su CrystalDiskInfo, cikin minti biyu. Masu binciken sun ga cewa faifan da ya nuna kuskuren farko a wajen binciken farantinsa, yiwuwar mutuwarsa cikin kwana 60 ta ninka ta lafiyayye sau 39. Watau in ya yi gargaɗi, to a gaskata shi. Amma kuma sun ga cewa kashi 36 cikin 100 na faifan da suka mutu ba su nuna wata alama ba sam. Lafiya lau da daddare, gawa da safe. Ma'anar wannan ita ce, duban lafiyar faifai yana da amfani, amma ba shi ne mafita ba. Wanda ya dogara da shi kaɗai, fiye da sau ɗaya cikin uku ba zai ji ko sallama ba.

Jos tana da nata rabon a wannan al'amari, mai daɗi da marar daɗi. Garin yana bisa tudu, kimanin mita 1,200 daga tsayin teku, kuma sanyinsa rahama ne ga injuna, ko da yake binciken da aka ambata ya nuna zafi bai kai yadda ake zato wajen kashe faifai ba. Ƙurar hunturu ba ta cika shiga cikin faifan kansa ba, gama a rufe yake da matata, amma takan toshe fanka da akwatin wuta na cikin kwamfuta, shi kuwa akwatin wutar in ya tashi mutuwa, wani lokaci yakan tafi da maƙwabtansa. Babbar masifa ita ce wutar lantarki da tsawar damina. Abin mamaki, ƙasar Filato na cikin wuraren da suka riga kowa samun lantarki na ruwa a Nijeriya, tun da kamfanin NESCO, wanda aka kafa a 1929, ya riƙa ba mahaƙar kuza wuta daga Kurra. Duk da haka mai sana'a a yau, ko a Kabong yake ko a Fagge, ya san ɗaukewar wuta ba ta da lokaci, kuma a shekarar 2024 kaɗai babban layin wutar ƙasa ya faɗi sau da dama.

A nan ne kwamfutar tebur ta bambanta da ta hannu. Ta hannu tana da batir a cikinta, in an ɗauke wuta ba ta ko sani ba. Ta tebur kuwa, nan take take mutuwa, ko da tana tsakiyar rubuta wani abu a kan faifai. Faifan zamani yakan janye allurarsa da kansa in wuta ta yanke, saboda haka ba kullum ne ƙarfen ke lalacewa ba. Abin da ke lalacewa shi ne rubutun da aka bari rabi da rabi, kuma in aka yi rashin sa'a rubutun nan ya kasance na jadawalin da ke nuna inda kowane fayil yake, sai a kunna inji ya ce bai san kowa ba. Dawowar wuta da ƙarfi ta fi ɗaukewarta ɓarna. Don haka akwatin batir da ake kira UPS ba kayan ado ba ne. Ba don a ci gaba da aiki aka yi shi ba. Don a sami 'yan mintoci ne a adana abin da ake yi a kashe inji cikin natsuwa. Batirinsa kuwa yakan gaji bayan shekara biyu ko uku, har ma ƙasa da haka inda ake yawan ɗauke wuta, kuma da yawa daga cikin waɗanda ke ƙarƙashin tebura a yau kuka kawai suka iya. Game da tsawa, babu sitabilaiza ko UPS da za a amince masa ya tare aradu. In hadari ya haɗu a kan duwatsun Jos, maganin kawai shi ne a kashe inji a zare waya daga bango.

Sa'an nan ga maganar gwanjo. Yawancin kwamfutocin tebur da ke ƙananan shaguna sun gama aiki ne a ofisoshin Turai ko Amurka kafin su hau jirgin ruwa zuwa Ikko. Injin kansa yana iya zama nagari, har ya fi wani sabon. Amma faifan da ke ciki ya riga ya ci rabin ransa ko fiye. Faifan da rahotonsa ya nuna awa 30,000 ya yi daidai da kusan shekara uku da rabi yana juyi dare da rana ba hutu. Wanda zai sayi irin wannan inji, ya nemi a nuna masa adadin awoyin a gabansa kafin ya biya, ko da yake akwai marasa tsoron Allah da ke share wannan lissafi. Abin da ya fi shi ne a sayi injin gwanjo, a sa masa sabon faifai. Araha ba ta ado, balle a wurin da amanar mutane za ta kwana.

Yanzu sai a zo ga ajiyar ko-ta-kwana, watau yin kwafin aiki a ajiye shi daban don ranar da asalin zai salwanta. Kafin a faɗi yadda ake yi, tilas a kawar da waɗansu abubuwa da mutane ke ɗauka ajiya ce, alhali ba ita ba ce.

Mafi yaɗuwa shi ne raba faifai biyu. Mai gyara yakan ce wa mai inji, "Alhaji, na raba maka shi, ga C ga D, ka riƙa zuba muhimman abubuwa a D, ko injin ya sami matsala ba abin da zai taɓa su." Akwai ƙamshin gaskiya a nan, gama in manhajar Windows ce ta rikice aka sake zuba ta a C, abin da ke D yakan tsira. Amma C da D faifai ɗaya ne, faranti ɗaya, allura ɗaya. Kamar mutum ne ya ja labule a tsakiyar ɗaki ya ce yana da ɗaki biyu. Ranar da rufi ya rufta, labule ba zai ceci kowa ba.

Na biyu shi ne filash. Filash abin ɗaukar saƙo ne daga wannan inji zuwa wancan, ba rumbu ba ne. Yana ɓacewa, ana wanke shi a aljihu, yana ɗauko cuta daga kowane injin da ya shiga, kuma kasuwa cike take da na jabu waɗanda aka rubuta musu gigabait 128 alhali cikinsu bai kai 8 ba. Irin waɗannan sukan karɓi duk abin da aka zuba musu ba musu, suna rubuta sabo a kan tsoho, sai ranar buƙata a tarar da sunayen fayiloli kawai, ciki babu kome. Akwai manhaja mai suna H2testw da ke cika filash ta sake karantawa don ta tona asirinsa. Haka nan wanda ya kwashe aiki daga kwamfuta ya mayar kan faifan waje, sa'an nan ya goge na cikin injin don ya sami wuri, bai yi ajiya ba, ƙaura ya yi. Kwafi ɗaya ne har yanzu, sai dai ya koma gidan da ya fi sauƙin faɗuwa ƙasa.

Na uku ya fi shafar masu ɗan hali, kamar masu tace fina-finai, waɗanda Jos ba ta rasa su ba. Shi ne a haɗa faifai biyu a cikin inji ɗaya su riƙa rubuta abu ɗaya a lokaci ɗaya, dabarar da ake kira RAID. Tana da kyau, domin in ɗaya ya mutu aiki ba ya tsayawa. Amma duk abin da ya sami na farko ta hanyar kuskure, nan take ya sami na biyu. In aka goge fim bisa kuskure, an goge shi a duka biyun. In cutar nan mai kulle fayiloli ta nemi kuɗin fansa ta shiga, irin WannaCry da ta ratsa ƙasashe wajen 150 a watan Mayu na 2017 har ta tsayar da aiki a asibitocin Ingila, duka biyun za ta kulle. Ɓarawo kuma ba ya buɗe akwati ya bar wa mai shi faifai ɗaya.

Sabon nau'in ma'aji da ake kira SSD, wanda ba shi da faranti ko allura, ya kawo sauƙi ƙwarai. Ya fi sauri nesa ba kusa ba, ba ya tsoron girgiza, kuma tsohon inji in aka sa masa shi sai ya koma kamar yaro. Wanda zai iya, ya sa shi a matsayin faifan aiki. Sai dai shi ma yana mutuwa, kuma mutuwarsa ta fi zuwa ba zato. Tsohon faifai yakan yi ƙara ko nawa, shi kuwa ɗif yake ɗaukewa. Abin da aka goge a kansa kuma da wuya a dawo da shi, gama yana share wurin da kansa. Har wa yau, cajin lantarki ne ke riƙe da bayanin da ke cikinsa, kuma cajin yana zurarewa a hankali in aka bar shi shekaru ba a kunna ba, don haka bai dace da abin da za a jefa a akwati a manta ba.

To, mece ce ajiyar ta gaskiya? Wani mai ɗaukar hoto Ba'amurke, Peter Krogh, shi ya yaɗa wata ƙa'ida mai sauƙin riƙewa wadda ake kira 3-2-1: kowane abu mai muhimmanci ya kasance yana da kwafi uku, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya daga ciki kuma yana wani wuri dabam, ba a ginin da injin yake ba. Ga mai shago a Kabong, fassarar wannan ba ta da wuya. Kwafi na farko shi ne wanda ke cikin inji. Na biyu yana kan wani faifai dabam, ko dai na waje mai igiya, ko kuwa na biyu da aka ɗaura a cikin akwatin, gama wannan ita ce falalar kwamfutar tebur, tana da wurin ƙari. Windows tana da wani sashe mai suna File History, tun daga fitowar Windows 8 a 2012, wanda in aka nuna masa faifai na biyu zai riƙa kwafe takardu da kansa kowace awa, yana kuma ajiye tsofaffin zubi, ta yadda in ɗalibi ya ce babi na uku na shekaranjiya ya fi na yau, ana iya dawo masa da shi. Abin da inji zai yi da kansa ya fi abin da aka bar wa tunanin mutum, gama ranar da ciniki ya yi yawa, ranar ce ake mantawa, kuma ranar ce aka fi yin sabon aiki.

Kwafi na uku, wanda ke kwana a wani wuri, shi mutane suka fi rainawa, kuma mutanen Jos ne ya kamata su fi kowa sanin darajarsa. A watan Fabrairu na 2002 gobara ta cinye babbar kasuwar Jos ta Taminus, wadda ake alfahari da ita a Afirka ta Yamma. A watan Oktoba na 2016 wata gobarar ta kama ɗakin karatu na Jami'ar Jos da ke Naraguta, ta ci littattafai da takardu masu yawan gaske. Wuta ba ta tambayar wanne ne asali wanne ne kwafi in ta same su a ɗaki ɗaya. Ba kuma ƙananan mutane kaɗai ke wannan kuskure ba. A watan Satumba na 2025 gobara ta tashi a cibiyar kwamfutocin gwamnatin Koriya ta Kudu da ke Daejeon, ta hallaka wata ma'ajiyar ma'aikatan gwamnati mai ɗauke da terabait 858, aka kuma wayi gari ba ta da kwafi a wani wuri, wai don ta yi girma da yawa. In gemun ƙasa irin Koriya ya kama wuta, mai shago ɗaya ba ya buƙatar a gaya masa abin da zai yi da nasa.

Hanya mafi sauƙi ita ce faifan waje guda biyu da ake musanyawa. Ɗaya yana shago, ɗaya yana gida. Ranar Asabar da yamma a kawo na gida, a tafi da na shago. Ko mene ne ya faru, hasarar ba za ta wuce aikin mako ɗaya ba. Wanda ke gida kuma ba ya haɗe da inji, don haka tsawa ba ta isa gare shi, cutar fansa ma haka. Sai dai a lura, faifan da ke yawo a jaka yana ɗauke da hotunan mutane da takardun shaidarsu da lambobin katin ɗan ƙasa, kuma tun watan Yuni na 2023 Nijeriya tana da dokar kare bayanan jama'a. Ya kamata a kulle shi da kalmar sirri, a kuma rubuta kalmar a takarda a adana, domin faifan da mai shi ya manta mabuɗinsa, da shi da matacce duk ɗaya ne.

Ajiya a intanet, wadda Turawa suka laƙaba wa sunan gajimare, ba wani gajimare ba ne; faifan wani kamfani ne a wata ƙasa. Google na ba kowane mai asusu gigabait 15 kyauta, wanda ya isa ya ɗauki dubban takardun rubutu. Ga mai buga takardu da akawun makaranta, wannan ya wadatar, kuma babu uzurin ƙin yi. Ga mai bidiyo kuwa, wanda bikin aure ɗaya ke cinye masa gigabait masu yawa, kuɗin data kaɗai ya isa ya hana shi, balle bayan ƙarin kashi 50 cikin 100 da hukumar sadarwa ta amince wa kamfanonin waya a watan Janairu na 2025. Shi faifan musanya ya fi masa. Ko ga mai takardun ma, kada intanet ta zama ita kaɗai ce madogara. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin ƙarƙashin teku suka yanke a gaɓar Afirka ta Yamma, harkokin intanet da na bankuna suka rikice a Nijeriya na kwanaki. Kuma irin ajiyar da ke daidaita kanta da inji, in aka goge abu a nan sai ta goge shi a can. A Google Drive kwana 30 kawai yake yi a kwandon shara kafin ya tafi.

Saura abu ɗaya, wanda ko manya ke tuntuɓe a kansa. A shekarar 1998, lokacin da kamfanin Pixar ke shirya fim ɗin Toy Story 2, wani ya ba inji umurnin gogewa a inda bai kamata ba, kusan kashi 90 cikin 100 na aikin ya tafi. Ba su damu ba da farko, gama suna da ajiya. Da aka je ɗaukowa sai aka tarar ajiyar ta daɗe da lalacewa ba wanda ya sani. Abin da ya cece su shi ne wata ma'aikaciyarsu, Galyn Susman, wadda ta haihu take aiki daga gida, tana da kwafi a injinta. Aka naɗe injin da barguna aka kawo shi ofis a mota kamar mai jinya. Ajiyar da ba a taɓa gwada ta ba, zato ce kawai. Sau ɗaya a wata, a ɗauki faifan ajiya a haɗa shi da wani injin dabam, a buɗe takarda biyar da hoto biyar da bidiyo ɗaya, a gani da ido.

Wannan ba baƙon ilmi ba ne a ƙasar Hausa. Malaman da suka gabata ba su bar littafi mai daraja a gafaka ɗaya ba. Almajiri yakan zauna ya kwafe shi da hannu ya tafi da shi garinsu, shi ya sa littafin da gara ta ci a Katsina akan same shi a Zariya, kuma waɗansu irin waɗannan rubuce-rubuce suna nan a gidan tarihi na Jos da aka buɗe a 1952. Fim ɗin Shaihu Umar ma, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, an daɗe ana zaton ya ɓace, sai a 2016 aka gano faifansa a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, wadda hedkwatarta ke Jos, aka gyara shi aka nuna a Balin a 2018. Ya yi shekara 40 yana jira ya tsira. Faifan kwamfuta ba shi da irin wannan haƙuri. Wanda aka ajiye aka manta, ko injin da zai karanta shi ba lalle a samu ba, kamar yadda masu tarin fulofi da faifan CD suka gani.

Wanda kuwa abin ya riga ya same shi, ya kunna inji ya ji faifai yana ƙwas-ƙwas kamar agogo, ko ya ga fayiloli suna ɗaukar minti kafin su buɗe, to ya kashe nan take. Kowane juyi da faifan zai ƙara yi yana iya zama ƙarin karcewa. Kada a sa shi a firji kamar yadda waɗansu ke ba da shawara, kada a buge shi, kada kuma a yarda wani ya kwance murfinsa a kan teburin shago, gama ƙwayar ƙura ɗaya ta fi tazarar allura girma. Kada a zuba wata manhajar ceto a kan faifan da ake son ceta. Mai gyaran da ya san aikinsa zai fara ne da kwafe faifan gaba ɗaya zuwa wani lafiyayye, sa'an nan ya yi bincikensa a kan kwafin. In mai gyara ya ce sai an yi fomatin, a tambaye shi a fili ko ya kwashe abin da ke ciki, a kuma ce ya nuna inda ya zuba, a buɗe a gani kafin ya taɓa kome.